Goro Biyu Kafin Damben Jega

Litinin, 13 ga Afrilu 1992, bayan azahar

Goro ya iso. Fari daga Jega, ja daga Mungadi, kowane ƙwaya guda, yadda anka saba.

Shekara goma sha tara ke nan ana yi mani haka. In babban dambe ya matso, kowane ɓangare ya aiko da goro nan rumfata ta ɗinkin buhun albasa a Aliero. Ran jajibiri in fasa na wanda na ga zai yi kisa, in ci gaban jama'a, in mai da ɗayan ga mai shi. Dambe talatin da ɗaya na rubuta a littafin ga, ban saɓa ko sau ɗaya ba. Sanusi direba na yawo tasha yana faɗin Almu na da aljani. Ƙarya yake, aljanin da zai zauna cikin warin albasa bai da aikin yi. Ni ma na ɗaura zare shekara goma sha biyu kafin kafaɗa ta ƙi. Ƙafa nake kallo, da numfashi, da inda mutum ke kai idonshi.

Wanga karo kambu ne, wanda mahauta da direbobi sunka sa anka ɗinka bara da anka ba mu jiha. Mu'azu na Jega ke riƙe da shi. Ɗahiru na Mungadi, can ƙasar Maiyama, ya ce a ba shi. Juma'a ɗaya ga Mayu, a Jega, bayan la'asar.

Mu'azu surukina ne, shi ke auren ɗiyata ta fari. Ni na koya mashi tsayuwa tun ba shi da gemu. Lokacin akwai wasan da muke yi, in wurga mashi albasa ba zato, ya cafke. Da ya auri yarinyar kunya ta shiga tsakani, hira ta mutu, sai durƙuso da ƙaƙa gida. Albasar ce kaɗai ta rage mana.

Yau da kanshi ya kawo farin goron. Yana durƙushe na ɗauki albasa na wurga ta damanshi. Ta buge shi a kumatu. Bai ƙifta ba sai da ta taɓa shi.

Ya yi dariya ya ce hankalinshi na wurin mota. Ni ma na yi dariya. Da zai dube ni sai da ya juyo da fuskar gaba ɗaya.

Ba ni rubuta sauran.

Talata, da hantsi

Na naɗe goron cikin jiƙaƙƙen tsumma. Wataƙila rana ce ta haske shi.

Laraba, da safe

Ba rana ba ce. Cikin inuwa yake, ni na san rumfata.

Juma'a, 17 ga wata, bayan an sauko

Teburin mai shayi ya zama majalisar dambe. Kowa malami ne. Wanda bai taɓa dukan ko buhun dusa ba, shi ke bayanin yadda za a kashe Ɗahiru a turmin farko. Sun ce Mu'azu ya fi shi tsawon hannu, gaskiya ne. Sun ce kisa tara ya yi a jere, shi ma gaskiya ne. Wani lebura ɗan Maiyama ya ce karen bana shi ke maganin zomon bana, saura kaɗan a watsa mashi shayi.

Sanusi ya zungure ni. "Baba Almu, bana ai ba ka da aiki. Goron gida za ka ci, ko kana barci."

Na ce, "In ina barci kai ne za ka tauna mani?"

"Mi ya yi zafi? Tambaya ce."

"To tafi ka tambayi tayar motarka, ita ke neman amsa."

Sunka yi dariya, shi ko ya bi ni da kallo. Ban kyauta ba. Sanusi ba shi da laifi sai baki, amma bakin nan shi ne abin tsoro. Abin da Sanusi ya ji da safe, kafin azahar an ji shi Maiyama.

Na yayyafa wa goro ruwa.

Lahadi, 19 ga wata, la'asar

Zulai ta dawo daga Jega. Jiya na aike ta, na ce ta je ta dubo yarinyar, cikinta ya shiga wata bakwai. Matar da kunka yi shekara talatin tare ba a yi mata wayo. Tana ajiye mayafi ta ce, "Malam, ba ciki ka aike ni dubawa ba."

Na ce ta faɗi abin da ta gani.

Ta ce in zai zuba ruwa a moɗa, rabi ƙasa yake zuwa. Ta ce sau biyu ya yanke yatsa a mahauta cikin wata guda, mutumin da anka haifa da wuƙa a hannu. Ta ce tun damben da anka yi kafin azumi, da ya sha naushi nan gefen dama, ko da shi ya yi kisa a ƙarshe. Yarinyar ta yi mashi magana, ya ce in ta faɗa wa kowa bai yafe ba. Ita ma ba ta faɗa ba. Kuka ta yi, uwar ta harhaɗa.

Zulai ta ce, "Ka kira shi ka hana shi."

Na ce, "Surukin nawa? In zaunar da shi in ce mashi mi? In ce na ga tawaya a jikinka?"

"Kafin ya zama surukinka ɗanka ne."

Na ce ta kawo mani ruwa. Ta kawo, ta dangwarar.

Tsoro nake ji. Bari in rubuta shi yadda yake. Ina tsoron a fitar da shi daga fagen nan a kan tabarma.

Litinin, da safe

Na ɗinke buhu uku ban zuba albasa ba. Mai kayan ya tsaya yana kallona.

Laraba, 22 ga wata, bayan magariba

Na je Mungadi. Sanusi zai kai kaya Maiyama, na hau gaba. Al'adata ce in ga kowane ɗan dambe da idona kafin in fasa goro, don haka ba wanda ya yi mamaki.

Usmanu ke riƙe da Ɗahiru. Tsohon abokin karawata ne, sau huɗu munka haɗu, biyu da biyu, kuma har yau kowannenmu na cewa shi ya fi. Ya tsufa, haƙora sun zube, wayon na nan daram. Ya shimfiɗa mani tabarma ƙarƙashin tsamiya ya ce, "Almu, ka zo leƙen asiri ko ka zo gaisuwa?"

Na ce, "Asirin mi gare ku? Gero da sauro."

Anka kira yaron. Na ce yaro, amma ƙato ne, gajere, wuya kamar turmi. Sun rataye buhun yashi a reshe. Ya miƙa hannu a ɗaure mashi zare, sai na ga wane hannu ya miƙa.

Bahago ne.

Ba wanda ya taɓa faɗa mani. Duk surutun majalisar shayi, ba wanda ya san wannan. Naushin bahago ta daman mutum yake shigowa. Na zauna ina kallon buhun nan yana lilo, duk dukan wuri guda, daidai inda albasata ta sauka.

Ƙafar Ɗahiru ba ta da kyau, yana buɗe ƙirji in zai saki hannu. Mu'azun bara da ya gama da shi kafin makaɗa su gyara zama. Na bara.

Usmanu na ta kallona ta gefe. Ya ce, "Ka yi shiru."

Na ce zafi ne.

"Awo, zafi," in ji shi. "Ƙaƙa surukin naka? Lafiya lau dai?"

Na ce lafiya lau, har ta yi yawa. Ya yi murmushi da dasashi. Mutumin ga ko tari ka yi sai ya auna shi.

A hanya Sanusi ya yi ta zuba, ban ji ko ɗaya ba.

Alhamis, da hantsi

Goron ya fara yaushi ta gefe. Farin. Na ƙara ruwa.

Asabar, 25 ga wata, azahar

Na shirya maganata tun daga Aliero. Na maimaita ta a mota, na maimaita ta a bakin gada. Mu'azu, ka ajiye kambun nan, ka ce kafaɗa ce, ni zan shaida. Magana ce da ba ta kai numfashi biyu ba.

Na same shi a rumfarsu ta mahauta. Yana hango ni ya ajiye wuƙa, ya zo ya durƙusa, kai ƙasa. Abokanshi sunka ja baya don girmamawa, amma kunnuwansu na nan.

"Baba, ƙaƙa hanya?"

"Lafiya. Ƙaƙa zafi?"

"Lokacinshi ne."

"Ƙaƙa mutanen gida?"

"Suna gaishe ku."

Shi ke nan. Munka yi zancen albasa, yadda ta yi arha bana. Munka yi zancen ruwa, ko zai sauka da wuri. Tsohon banza, na zo tun daga Aliero in yi zancen hadari. Sau biyu na buɗe baki, sau biyu na ga ƙeyar nan tashi a sunkuye gabana, harshena ya ƙi. A ina anka taɓa jin suruki ya tone tawayar mijin ɗiyarshi, kuma a tsakiyar kasuwa?

Da zan tashi ya rako ni har bakin titi, yana tafe ta damana, wato ni ina hagunshi. Da can ba ya zaɓen gefe. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Baba, duk abin da kunka gani ran Alhamis, shi ne."

Na ce Allah ya kai mu. Ladabi ne irin nasu, kowane ɗan dambe haka yake faɗa.

Ya ƙunso mani tsoka a takarda. Ban iya ci ba, Zulai ma ba ta ci ba.

Lahadi, la'asar

Zulai ba ta yi mani magana ba yau, sai ga tuwo.

Talata, 28 ga wata, bayan asuba

Bari in zauna in auna, tunda ba ni da wanda zan faɗa wa sai takarda.

In na fasa jan goro, na faɗi gaskiya. Amma duk Kebbi ta san Mu'azu ya fi Ɗahiru. Sai a ce mi Almu ya gani har ya ƙi surukinshi? Usmanu ba zai kwana bai gano ba. Zai sa a bi Mu'azu a kasuwa, a miƙa mashi hannu ta nan, a kira shi ta can. Kafin a shiga fage ya sani. Na ɗauki wuƙa na ba su ke nan. Kuma Mu'azu zuciya gare shi, in na kunyata shi gaban mahauta zai shiga fage ko da rarrafe ne.

In na fasa fari, asiri ya rufu. Usmanu zai ɗauka ba komi. Watakila Mu'azu ya yi kisa da wuri kafin a gane. Watakila.

Amma ƙarya ce. Ni dai na san wanda zai faɗi.

Akwai kuma abin da ban so rubutawa. In na ci ja, da wane ido zan shiga Jega? Mi dangin mijin yarinyar za su ce mata? Ban san inda tausayin Mu'azu ya ƙare, inda tsoron bakin mutane ya fara ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, haka nake faɗa wa yara. Faɗa da sauƙi.

Laraba, azahar

Na yayyafa wa goro ruwa. Na yayyafa kuma, na manta na yi.

Alhamis, 30 ga wata, bayan la'asar

An cika rumfar har kan buhuna. Mahautan Jega mota guda, mutanen Mungadi mota guda. Usmanu ya zo da kanshi, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna daf da gwiwata. Mu'azu bai zo ba, suruki ba ya tsayawa kallon bakin surukinshi na tauna.

Na kwance tsumman. Hannuna ya nufi ja, wallahi ya nufa. Sai na ji numfashin Usmanu a kunnena.

Na fasa fari.

Anka yi sowa. Sanusi ya hau kan buhu yana rawa. Usmanu ya karɓi jan goronshi, ya jujjuya, ya jefa aljihu, ya ce, "To, gobe ma rana ce."

Ban taɓa cin goro mai ɗacin wannan ba. Na haɗiye don ba wurin tofarwa.

Juma'a, 1 ga Mayu, azahar, a zauren gidansu a Jega



Na iso da hantsi na biya in gaida yarinyar. Mu'azu ya riga ya fita, tun safe abokanshi sunka tafi da shi. Ta fito da tulun cikinta ta tsuguna nesa, ba ta kawo ruwa ba. Tunda anka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ita ma ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Yau ta dube ni.

Ta ce, "Baba, ka ci fari."

Na ce na ci.

"Ya ce mani Baba ya gani. Ran da albasa ta buge shi ya dawo ya ce Baba ya gani, kuma Baba bai taɓa ƙarya kan goro ba. Ya ce in ka fasa ja, zai kwance zare ya mai da kambu, ko mi za a ce a ce. Ya rantse mani. Kwana goma sha bakwai yana jiran Alhamis." Ta share fuska da gefen zane. "Jiya da anka zo anka faɗa mashi, ya ce ashe abin bai kai yadda nake tsoro ba, tunda Baba ya ga zan iya."

Duk abin da kunka gani ran Alhamis, shi ne. A bakin titi ya faɗa mani. Da bakinshi ya faɗa, ni kuma na ce Allah ya kai mu.

Iklima. To, na rubuta, kunyar ta ci gidansu.

Zan tafi in neme shi.

Asabar, 2 ga Mayu, da hantsi

Ban same shi ba sai bayan sallar la'asar, sun ɓoye shi wani gida don gudun sammu. Da na kutsa bayan fage an gama ɗaurin hannu, kalangu ya riga ya ɗauki takenshi. Na kama zaren na ce, gaban kowa, "Mu'azu, ƙarya na yi. Ja ne."

Ya juyo da fuskar nan gaba ɗaya. Bai yi fushi ba, da ya yi da na fi jin daɗi. Ya ce, "Baba, an kira sunana." Ya zame hannunshi a hankali ya shiga.

Turmin farko ya karkatar da kai dama, yana tsaron hannun bahago da idon hagu. Dabara ce, amma ta mai ido ɗaya ce, kuma Usmanu na zaune. Na ga lokacin da ya gane. Ya dubo ni ta tsallaken fage, sannan ya ja Ɗahiru ya yi mashi raɗa.

Turmi na biyu naushin ya zo. Da yake ya juyar da fuska, ba a dama ya sauka ba. A kan mai kyan ya sauka.

Bai faɗi ba. A dambe sai hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa ake cewa an kashe ka, shi ko ya tsaya kamar an kafa shi, jini na bin gemu. Na yi ta kiran a raba. Wa zai ji tsoho cikin kalangu shida?

Turmi na uku ya miƙa hannun tsaro har tafinshi ya taɓa na Ɗahiru, ya bar shi nan. Ni na koya mashi wannan, shekarun baya, da tsumma ɗaure a fuska, don wasa. Ɗahiru na janye tafi zai saki hagu, ƙirji ya buɗe yadda na gani a Mungadi. Mu'azu ya saki dama. Ɗahiru ya zube.

Fage ya kece. Sai ji na yi an ɗauke ni sama, Sanusi da mahauta, suna faɗin talatin da biyu, Almu ba ya saɓawa, Almu aljani. Daga can bisa kafaɗunsu na hango shi. Yana tsaye tsakiyar fage, hannu sama, ya ba makaɗa baya, yana fuskantar inda ba kowa sai katanga. Jira yake wani ya zo ya kama hannunshi.

Lahadi, da safe

An kai shi asibiti Birnin Kebbi. Mutane na ta zuwa rumfa yi mani barka.

Talata, 5 ga Mayu, azahar

Usmanu ya aiko a gaishe shi. Ya ce a faɗa mani shi bai yi murna ba, kuma bai yi nadama ba, aikinshi ya yi. Gaskiyarshi. Shi ya yi nashi.

Wasu daga Koko sun kawo goro, wai akwai dambe bayan sati uku. Na ce su kai wa mai haƙora.

Alhamis, 7 ga Mayu, bayan la'asar

An sallamo shi jiya. Likita ya ce idon dama ya daɗe da tafiya. Na hagu sai kumburi ya sauka, sati biyu ko uku, sannan a san abin da ya rage. Bai yi alkawari ba.

Na je da Zulai. Yana zaune kan tabarma a tsakar gida, an cire bandejin, idon a kumbure, ya ɗan buɗe kamar tsagar wuƙa. Kambun na rataye jikin ƙusa bayanshi, kaza na kiwo ƙarƙashi. Da ya ji muryata ya yunƙura zai durƙusa. Na ce zauna. Na zauna kan tabarmar tare da shi, gwiwa da gwiwa, abin da ban yi ba tun ranar ɗaurin aure. Iklima ta kawo ruwa, wanga karo ta kawo.

Na ce mashi ka yafe mani. Na faɗa da baki, a fili, matan na ji.

Ya ce, "Ba komi, Baba. An ce talatin da biyu."

Na ce kada in ƙara jin wannan lissafin.

Can ya ɗaga hanci ya yi murmushi. "Akwai albasa aljihunku. Ina jin warinta."

Akwai. Ban san lokacin da na sa ta ba, sabo ne.

Ya gyara zama, ya buɗe tafin hannu, ya juyo da gefen hagu wajena. "Ina ganin haske-haske. Ku jefo mu gani."

Na fito da ita. Na riƙe. Zulai na kallona, Iklima na kallona, shi kuma yana kallon wajen kafaɗata, inda yake zaton fuskata take.

Ban jefa ba. Na kama hannunshi na sa mashi ita cikin tafi, na naɗe yatsunshi a kai.

Ya jujjuya ta, ya daɗe. Sannan ya ce, a hankali, "Da haka kunka ba ni ita tun farko, Baba, da na karɓa."